Gyaran Gida: Amsoshin Wasiƙunku kan Kayan Ɗaki, Fenti da Tayil

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan karo kan kayan ɗakin amare ne, sai kuma ɓarnar da damina ta bari a jikin bango. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Mun ba da awo da ƙafa da inci, domin da su kafintoci da teloli suke aiki. Wajen tayil da fenti kuwa mun bi 'yan kasuwa, mun yi lissafi da mita da lita.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata za ta tare bayan salla. An ce mana uwar ɗaka ƙafa 12 da 12 ce, falo kuma 12 da 14. Ina so in ba da aikin gado 6 da 6, da wadurob mai ƙofa shida, da madubi, da saitin kujeru na mutum bakwai. Za su shiga kuwa?
Uwar amarya, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Kafin a ba kafinta ko sisi, a tura wani da tef ya auno ɗakunan, kada a tsaya kan abin da aka ce. Ɗakin da ake kira 12 da 12, in aka auna shi daga bango zuwa bango bayan filasta, sau da yawa yakan gaza da 'yan inci, kuma 'yan incin nan su ne suke hana ƙofar wadurob buɗewa. A auno faɗin ƙofar shiga da tsayinta. A zana ɗakin a takarda, a nuna inda taga take, da inda soket da makunnin fitila suke, da ɓangaren da ƙofa take buɗewa.

Ga lissafin. Katifa ce 6 da 6, shi gadon ya fi haka. In aka haɗa da katakon gefe da allon kai, zai ci wajen ƙafa 6 da rabi a faɗi, ƙafa 7 a tsawo. Wadurob yana da zurfin ƙafa 2, domin in ya gaza haka, rigar da aka rataye za ta riƙa tokare ƙofa. To in gado ya jingina da bango ɗaya, wadurob yana fuskantarsa, 7 da 2 sun tafi, saura ƙafa 3 a tsakani. Ƙofar wadurob ɗaya tana da faɗin ƙafa 1 da rabi, in an buɗe ta saura ƙafa 1 da rabi ta tsayawar mutum. Ya isa, amma da ƙyar. In kuma aka yi irin gadon nan mai ƙaton allo da benci a ƙafa, zai ci ƙafa 8 ko fiye, ke nan amarya ba za ta iya buɗe wadurob tana tsaye a gabansa ba.

Wadurob mai ƙofa shida ƙafa 9 ne. A ɗaki irin wannan, wuya ne a sami bango mai ƙafa 9 da babu taga ko ƙofar banɗaki a jikinsa. Shawararmu a yi mai ƙofa huɗu, ƙafa 6, a ja tsayinsa har kusa da silin, a yi wa saman gidaje na ajiye akwatuna da barguna. Abin da aka rasa a faɗi an same shi a tsayi, kuma ba a bar wa ƙura wurin kwanciya a kai ba. In da hali a sa ƙofa mai turawa gefe. Madubi a manna shi jikin ƙofar wadurob, ko a yi siriri wanda zurfinsa bai wuce inci 14 ba. Durowar gefen gado guda ɗaya ta wadatar.

A falo, kujera mai zaman mutum uku takan kai ƙafa 7 a tsawo, ƙafa 3 a zurfi. Mai mutum biyu ƙafa 5, mai mutum ɗaya wajen ƙafa 3. In aka jera su suna kallon juna a faɗin ƙafa 12, ƙafa 6 kaɗai za ta rage a tsakiya, in aka dasa tebur shi ke nan an rufe falon. Mu kuwa a tsakiyar falo ake shimfiɗa ledar cin abinci, a nan ake shimfiɗa darduma, a nan 'yan barka da 'yan gaisuwa suke zama in kujeru sun cika. Wannan filin ya fi kujera ta bakwai amfani nesa ba kusa ba. A yi mai uku, da mai biyu, da mai ɗaya guda, a jera su a bango biyu masu haɗuwa a kusurwa. Maimakon babban tebur a sayi ƙanana biyu da za a iya ɗaukewa.

Abu na ƙarshe, a gaya wa kafinta ya yi gado da wadurob masu kwancewa, ya zo ya haɗa su a cikin ɗakin. Ranar jere ba ranar cire ƙyaure ko yanke ƙafar kujera ba ce.

Tambaya: Kujerun da na saya ba su yi shekara biyu ba sun lotsa, ledar jikinsu tana ɓarewa, in an zauna suna ƙara. Zan ba da aikin wasu. Ta yaya zan gane aikin ƙwarai?
Wani magidanci, Zariya

Amsa: Malam, kujera abu uku ce: katako, soso, da yadi. Mai saye yadi kawai yake gani, shi ya sa mai ha'inci yake rage kuɗi a sauran biyun. Don haka sharaɗin farko da za ka kafa wa kafinta shi ne ba zai rufe aikin ba sai ka zo ka ga ƙashin kujerar tsirara. Kafintan kirki ba zai ƙi ba.

Ƙarar da kake ji daga katako take. Ko dai an yi aikin da ɗanyen katako, ko an haɗa shi da ƙusa zalla. Ɗanyen katako in hunturu ya busa sai ya tsuke, ramin ƙusa ya yi masa yawa, mahaɗa ta saki. Ka nemi busasshen katako mai ƙarfi irin maɗaci, musamman a ƙafafu da dogayen katakon gaba da baya waɗanda suke ɗaukar nauyi. Kowace kusurwa a sa mata ɗan katako mai kusurwa uku a ciki, a shafa gam, a ɗaure da ƙusa mai zare. In ka ga ƙananan huji kamar na allura da gari yana zubowa, ƙwaro na ciki, kada ka karɓa ko an ce za a yi feshi, domin zai iya bin sauran katakon gidanka. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗaga ƙafar gaba guda ɗaya sama kamar inci 6. In ɗaya ƙafar gaban ta biyo ta, ƙashin yana da ƙarfi. In ta zauna a ƙasa kujerar tana murɗewa, aikin bai yi ba. Ka kuma duba robar da aka saƙa ƙarƙashin mazauni. Ta zama a ɗame, a saƙe sama da ƙasa, tazarar da ke tsakani kada ta wuce faɗin robar kanta.

Lotsawa kuwa daga soso take. Mutane suna danna soso, in suka ji tauri sai su ce mai kyau ne. Tauri daban, nauyi daban, kuma nauyin ne yake nuna daɗewa. Lambar da masu soso suke faɗa, 18 ko 24 ko 30, tana nufin kilo nawa soson yake yi a mita ɗaya ta kowane ɓangare. Na mazauni ya zama tsakanin 28 da 32, kaurinsa inci 5 zuwa 6. Na jingina da na hannu za a iya sassautawa zuwa 20 ko 24, tun da ba su ɗaukar nauyin jiki. In kana shakka, ka ɗora a sikeli. Soso mai ƙafa 2 da 2 da kaurin inci 6, in lamba 30 ne zai yi kusan kilo 1.7, in lamba 18 ne wajen kilo 1 kawai zai yi. Ka kuma danna shi da gwiwa ka ɗaga. Mai kyau nan take yake komawa yadda yake.

Ledar da ta ɓare ba fata ba ce, yadi ne aka shafa wa roba a fuska. Zafi da gumi da man shafawa suna busar da robar har ta fara tsagewa, kuma in ta fara babu magani. A garin da zafin bazara yake wuce digiri 40, in ba falo ne mai sanyi kullum ba, mun fi son yadi mai saƙa matsattsiya. Ɗaga shi ka kalli haske, in kana hango haske sosai ta cikinsa ba zai jure ba. Karan-miski yana da kyan gani amma yana riƙe ƙurar hunturu. A sa wa kowane kushin zif domin a cire a wanke.

Tambaya: Duk shekara sai na sake fentin ƙasan bangon falona, duk damina sai ya kumbura ya zube, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa. Mai fenti ya ce in sa fenti mai mai, wani ya ce in manna tayil. Wanne ya fi?
Mai gida, Kaduna

Amsa: Alhaji, duka biyun ba za su raba ka da matsalar ba. Ruwa ne a cikin bangon. Yana tafe da gishirin ƙasa da na siminti, in ya iso fuskar bango ya bushe sai ya bar gishirin, shi ne farin abin da kake gani, kuma shi ne yake tura fenti ya ɗago. Fenti mai mai yana toshe hanyar fitar danshi, sai ya taru a bayansa ya yi ƙuraje. Tayil yana ɓoye wurin, amma ruwan sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman layin tayil ɗin, ko ya fita ta ɗakin da ke baya.

A fara gano inda ruwan yake fitowa. In tabon ya bi ƙasan bango a jere, bai wuce ƙafa 3 daga daɓe ba, kuma yana da baki kamar inda ruwa ya tsaya, daga ƙasa yake hawowa. Ko dai ba a shimfiɗa ledar tare danshi ba lokacin gini, ko ta yage. In a bango ɗaya ne kawai, wanda yake kallon waje, kuma yana ƙaruwa bayan an yi ruwa, zagaya baya ka duba. Galibi za ka tarar indararo yana zuba a gindin bangon, ko kwata ta tsage, ko an yi ciko har ƙasar waje ta kai tsayin daɓen ciki, ko an shuka fulawa jikin gini ana ba ta ruwa kullum. In kuwa tabon ba ya bushewa ko da rani, kuma akwai banɗaki ko kicin a bayansa, bututu ne yake yoyo. Cika tanki da dare, a rufe duk famfunan gida, da safe a duba ko ruwan ya ragu.

Gyara daga waje yake farawa. Ƙasar waje ta zama ƙasa da daɓen ciki da aƙalla inci 6. A zuba kankare mai faɗin ƙafa 2 zuwa 3 a zagaye gindin bango, a karkata shi yadda ruwa zai gudu daga ginin. A ƙara wa indararo bututu ya sauke ruwa cikin kwata. A cire fulawar.

Sannan a dawo ciki, kuma a bari sai damina ta wuce. A sassaƙe filastar da ta lalace har a ga bulo, a wuce bakin tabon da ƙafa 1. A goge gishirin da busasshen burushi mai tauri; kada a wanke da ruwa, domin ruwa zai narkar da shi ya mayar da shi cikin bulo. A bar bangon a buɗe makonni, tagogi a buɗe, iskar hunturu ta yi aikinta. Sabuwar filasta a kwaɓa siminti 1 da yashi 3, yashin ya zama wankakke marar laka, a zuba maganin hana ruwa na siminti daidai yadda aka rubuta a jikinsa. A riƙa yayyafa mata ruwa kwanakin farko don kada ta tsage, sannan a ba ta mako huɗu kafin fenti. A nan ne akasari ake yin gaggawa, a shafa fenti bayan kwana uku, ƙarfin siminti ya cinye launin. A wannan yanki kada a yi shafen POP, domin yana shan danshi ya yi laushi. A fara da fentin share fage mai jure siminti, a bi da fentin ruwa shafa biyu. Takardar bango ma a haƙura da ita a nan.

Mu faɗi gaskiya: in matsalar rashin ledar tare danshi ce tun daga tushe, waɗannan matakai za su rage ta sosai amma ba lalle su kashe ta ba. Wannan sai an kira injiniyan gini ya duba. Wanda yake gidan haya kuma, ya janye kujeru da wadurob daga bangon kamar inci 4 don iska ta ratsa, musamman in na katakon MDF ne, wato na garin katako da aka matse da gam, wanda yake kumbura da zarar ya sha danshi kuma ba ya komawa.

Tun da ana maganar fenti, ga lissafinsa. Ɗaki 12 da 12 mai tsayin ƙafa 10, in an cire ƙofa da taga, bangonsa wajen murabba'in mita 40 ne. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe mita 8 zuwa 10 a shafa ɗaya. Shafa biyu ke nan lita 8 zuwa 10, wato bokitin lita 20 zai yi ɗaki biyu. Ka tsaya a wurin lokacin da ake sirka shi; lita 1 zuwa 2 ta ruwa a bokiti ta isa, sai in kamfanin ya rubuta wani abu daban.

Tambaya: Tayil ɗin tsakar falonmu ya tashi da kansa da wata ƙara, wasu sun fashe. Me ya jawo? Kuma katan nawa za mu saya in za mu sake, falon 14 da 16 ne?
Wata mai karatu, Sakkwato

Amsa: 'Yar'uwa, tayil da daɓen da ke ƙarƙashinsa suna miƙewa da zafi, suna tsukewa da sanyi, kuma ba tare suke motsi ba. In aka manna tayil baki da baki babu tazara, aka kuma matse shi da bango, ba shi da inda zai motsa sai sama. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, da 'yan robobin nan masu siffar giciye, a kuma bar kusan rabin inci a gefen bango, tayil ɗin gindin bango zai rufe shi.

Dalili na biyu shi ne manni. Tayil ɗin da bayansa ja ne yana shan ruwa, shi ya sa ake jiƙa shi kafin a ɗora a kan kwaɓin siminti. Mai ƙarfin nan da ake kira foselin kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, don haka siminti zalla ba ya kama shi da kyau, sai da gam ɗin tayil na buhu, a shafe bayan gaba ɗaya, ba a ɗiga a kusurwa huɗu ba. Ki bi sauran falon kina ƙwanƙwasawa da kan mabuɗi. Duk wanda ya yi amon fanko, babu komai a ƙarƙashinsa, shi ma yana hanya.

Falo 14 da 16 ya kusa murabba'in mita 21. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 23. Tayil mai santimita 60 da 60, in guda huɗu ne a katan, katan ɗaya mita 1.44 ne, ke nan katan 16. Na gindin bango lissafinsa daban. A duba lambar da ke jikin katan ta zama iri ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta daga gashi zuwa gashi, kuma a ajiye ragowar don gyaran gaba.

Tambaya: Yadi nawa ake saya na labulen taga mai faɗin ƙafa 4? Nawa kullum sai ya fito a miƙe kamar zanin gado.
Wata amarya, Maraɗi

Amsa: Amarya, an ƙaranta yadin ne. Ƙarfen labule ya wuce taga da inci 6 kowane gefe, ya zama ƙafa 5. Faɗin yadin ya ninka ƙarfen sau biyu, ƙafa 10 ke nan. In shara-shara ne sau biyu da rabi. In yadin labule ne mai faɗin inci 110, faɗin nan shi zai zama tsayi, sai ki sayi yadi 3 da rabi. In mai inci 60 ne, falle biyu za a yi, kowanne tsayin labulen da ƙarin ƙafa 1 ta kalmasa; in ƙarfen yana ƙafa 8 da rabi daga ƙasa, yadi 6 da rabi za ki saya. A kafa ƙarfen kusa da silin maimakon dab da kan taga, ɗakin zai yi kamar ya ƙara tsayi. Bakin labulen ya tsaya rabin inci sama da ƙasa don kada ya sha ruwan goge-goge. Tagar da take kallon yamma a yi mata shafi a baya, in ba haka ba rana za ta cinye launin. In yadin na auduga ne a wanke kafin a kai wa tela, saboda yana tsukewa.

Tambaya: Za a yi mana silin POP. Ina jin tsoron fanka, kuma ban san irin fitilun da za a sa ba.
Wani malamin makaranta, Bauci

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya. POP ado ne, ba ya ɗaukar nauyi, balle nauyin da yake girgiza. Ƙugiyar fanka a kafa ta jikin kankaren saman ɗakin, ko jikin katako mai kauri da aka ɗaure a kan katakon rufi, kuma a yi haka kafin masu POP su fara. Fukafukan su kasance aƙalla ƙafa 7 daga ƙasa, ƙafa 8 ya fi, da tazarar kamar ƙafa 1 tsakaninsu da silin don su sami iskar ja. Saboda haka in tsayin ɗakin bai wuce ƙafa 9 ba, kada a yi silin mai hawa-hawa a tsakiya. A sauke gefe kawai. Kafin komai a hau a duba kwano. Ɗigo ɗaya ya isa ya yi wa POP tabon ruwan ƙasa, in ya daɗe ya ruɓar da abin da yake riƙe da shi.

Kada a sa fitilar cikin silin a saman fukafukan fanka, hasken zai riƙa yankewa yana damun ido. A nisanta ta da bakin fukafuki da kamar ƙafa 2. A jikin kwalin ƙwan LED akwai lamba mai harafin K: 2700 zuwa 3000 haske ne mai ɗan ja-ja, ya dace da uwar ɗaka, 4000 tsaka-tsaki, ya dace da falo da kicin, 6500 fari fat, wanda yake sa ɗakin hutawa ya yi kaifi da yawa. Kada a gauraya su a ɗaki ɗaya, launin fenti zai bambanta daga bango zuwa bango. Ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, guda huɗu sun ishi ɗaki 12 da 12. A raba su makunni biyu, yadda in ana kan inbata ko ƙaramin janareta za a iya kunna rabi.

In gidan masu turaren wuta ne, a gaya wa mai fenti ya yi wa silin fenti mai wankuwa, a kuma riƙa ajiye kasko a ƙasa kusa da taga, nesa da labule. In aka saba ajiye shi a wuri ɗaya a kusurwa, hayaƙin zai yi wa silin baƙin da'ira, kuma sai an wanke ta da ruwan sabulu ta bushe kafin sabon fenti ya iya rufe ta.